Wankin Hoto A Khartum Da Omdurman: Nagetif Ne Uwar Kuɗi

Tun bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a ranar 15 ga Afrilu, 2023, akwai wata tambaya da ta riƙa zuwa mana a gidan rediyo daga bakin fatake da 'yan kasuwar kan iyaka, musamman waɗanda suka taɓa yin safarar lafaya da turaren wuta da humra daga can. Mutum ne zai buɗe tsohuwar akwati ko adakar mahaifiyarsa, ya tarar da fim ɗin kyamara da aka ɗauka ba a wanke ba, ko ambulan cike da nagetif da hatimin wani shagon hoto na Khartum a bayanta. To, ina zai kai a wanke masa? Ta yaya kuma zai gane gidan wankin da ba zai yi masa ɓarna ba?

Wani zai iya cewa a wannan zamani na wayar salula wa ke ta fim. Amsar ita ce wanda hoton mahaifinsa ke ciki. Da wuya ka shiga kasuwar Jibiya ko Illela ko Ƙonni ko Maigatari ko Gamboru ka rasa mai dangi a Sudan. Kakanninmu sun bi hanyar Hajji ta ƙasa, daga Kano zuwa Maiduguri, su tsallaka Chadi ta Abeche da Adre, su shiga Junaina da Fashir da Ubayyid, kafin su isa Khartum su nufi gaɓar Bahar Maliya. Wasu sun yi shekaru suna aikin auduga a Jazira domin tara guzuri, wasu kuma zaman da suka yi ke nan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi, bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Daga baya kuma sai ga ɗalibai a Jami'ar Afirka ta Khartum, ga masu zuwa neman magani, ga 'yan kasuwa da ke shiga jirgin Sudan Airways daga Kano. Kusan duk wanda ya je sai ya ɗauki hoto, ko a Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, ko a gaban ƙubbar Mahadi a Omdurman, ko a wajen zikirin Hamad al-Nil da ake yi ranar Juma'a da yamma.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne, abin da mu Hausawa muke kira wankin hoto da baki ɗaya, aiki biyu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai wanke shi kansa fim ɗin, wato a tsoma shi cikin sinadarai har hoton da ke ɓoye a jikinsa ya fito, ya zama nagetif. Akwai kuma buga hoton a kan kati, wanda shi ne muke karɓa mu sa a albom. Idan muka mayar da maganar yaren kasuwa, nagetif shi ne uwar kuɗi, kati kuwa riba ce. Idan an ɓata kati, sai a ɗauko nagetif a sake buga wani, ko sau ɗari ne. Amma fim sau ɗaya tak ake wanke shi a duniya. Idan sinadarin farko ya cuce shi, babu gwanin da zai dawo da abin da ya salwanta. Mafi yawan mutane kuwa kati suke dubawa su yaba ko su kushe, nagetif ɗin ma wani lokaci a kan kanta suke baro shi.

Fim mai kala da aka fi sani, irin su Kodak Gold da Fujicolor da Konica da Agfa, ana wanke shi ne da wani tsari mai suna C-41, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1972. Idan ka duba jikin gwangwanin fim ɗin za ka ga an rubuta wannan lamba. A ƙa'idar tsarin, fim zai zauna a cikin sinadarin farko, mai fito da hoto, na tsawon minti 3 da daƙiƙa 15, kuma dole zafin ruwan ya tsaya a kan digiri 37.8, ba a yarda ya kauce da ko rabin digiri ba. Dalili kuwa, fatar fim hawa-hawa ce, kowane hawa da launin da yake kamawa, kuma sai a wannan zafi da wannan lokaci ne suke nuna tare. Idan zafi ya hau ko ya sauka, wani hawan zai riga wani, sai ka ga inuwa ta yi kore, haske kuma ya yi ja-ja a hoto guda, abin da ko a wajen buga kati ba ya gyaruwa sosai. Bayan nan sai fim ya wuce cikin wasu sinadarai biyu da ke cire azurfar da ke jikinsa, a ɗauraye shi, a busar. Wannan mataki na cire azurfa idan bai yi daidai ba ana iya maimaita shi. Na farkon ne ba ya da gyara.

To, a Khartum kusan komai na gari abokin gaban wannan aiki ne. A watannin Mayu da Yuni zafin rana kan haura digiri 40, wato iskar gari ma ta fi zafin da ake so sinadarin ya tsaya a kai. Injin wanke fim kuwa ya fi iya ɗumama ruwa a kan sanyaya shi, saboda haka shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki ya riga ya faɗi jarrabawa tun kafin a fara. Ga kuma habub, guguwar ƙurar nan da kan taso kamar katanga ta rufe gari. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta maƙale a rolar inji, za ta ja layi tun daga hoto na 1 har na 36. Sai matsalar ɗauke wuta: idan lantarki ya yanke alhali fim na tsakiyar sinadarin farko, minti 3 ɗin nan zai koma 10, fim ya ƙone. Shi ya sa tsofaffin masu hoto kan leƙa bayan shago su ga ko akwai janareta kafin su miƙa aikinsu.

Akwai kuma wani abu da ba na yanayi ba. A watan Nuwamba na 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, wanda ba a ɗage shi ba sai a Oktoban 2017. A tsawon waɗannan shekaru 20 kamfanin Amurka irin Kodak ba ya da damar yin hulɗa kai-tsaye da ƙasar, don haka kayansa sai sun zaga ta hannun dillalai a wasu ƙasashe kafin su shigo. Ku 'yan kasuwa kun fi mu sanin abin da zagaye ke yi wa kaya: kwana a kwantena, kwana a sito, kwana a bayan mota cikin rana. Atamfa ba ta damu ba, amma fim da sinadari suna tsufa da zafi. Kwanan watan da ke jikin kwali yana aiki ne idan an ajiye fim a wuri mai sanyi. Wanda aka jera a akwatin gilashi a bakin titi, rana na dukansa tun hantsi, zai iya lalacewa alhali kwanansa bai cika ba. Mai shagon da ya ciro maka fim daga firji ya san abin da yake yi.

A shekarun da harkar ke tashe, wato daga wajajen 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, manyan gidajen wanki masu injin kansu sun fi yawa a tsakiyar Khartum, wajen Suk Arabi da Suk Afranji da titin Jamhuriyya. Ƙananan shagunan hoto kuwa ko'ina akwai su, a kasuwar Omdurman, a Suk Libya, da unguwannin da 'yan uwanmu suka fi yawa irin su Mayo da Ingaz. Sai dai da yawa daga irin waɗannan ƙananan shaguna ba su suke wanke fim mai kala ba. Tarawa suke yi, yaro ya haye gada ya kai cikin gari, ya dawo da shi da yamma ko washegari. Haka abin yake a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Ba laifi ba ne, amma ya kamata mai fim ya san inda kayansa za su kwana. Tambaya ta farko ke nan: injin naku ne, ko kaiwa kuke yi? Idan kaiwa ake yi, gara mutum ya taka da ƙafarsa.

Injinan da suka mamaye duniya a lokacin na Japan ne, Noritsu da Fuji Frontier, masu wankin awa ɗaya. Amma sunan inji ba ya wanke hoto, kamar yadda sunan mota ba ya kai kaya kasuwa sai da direba. Haka shi ma allon rawaya na Kodak ko koren Fuji da ake kafawa a ƙofar shago, talla ce kawai.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, shagon da ake layi ya fi shagon da babu kowa. A kasuwa mukan guje wa cunkoso, a nan kuwa cunkoson ake nema. Injin wanke fim an yi shi ne ta yadda duk fim ɗin da ya wuce, zai zuba sabon sinadari kaɗan ya tunkuɗe tsoho. Idan ana aiki kullum, ruwan tankin na sabuntuwa. Idan kuwa fim biyu ko uku ake samu a yini, sinadarin zai zauna iska ta kashe shi. Gidan wanki na ƙwarai kan fara aikin safe ne da wani guntun fim na gwaji da kamfani ke sayarwa, a wanke shi, a auna launinsa da na'ura, a tabbatar sinadari lafiya yake kafin a taɓa fim ɗin jama'a. Tambayi mai shago ko yana yin wannan gwajin. Yadda zai amsa maka ya ishe ka. Alama ta biyu mai sauƙi kuma ita ce ka lura da inda masu ɗaukar hoton biki ke kai nasu aikin, domin su da shi suke cin abinci, kuma uwar amarya ba ta jin uzuri.

Amma babban sirrin da muke so kowane mai fim ya riƙe yana gefen nagetif ne. Ɗaga shi sama ka duba wajen hudojin nan na gefe. Za ka ga sunan kamfani da lambobi, 1, 1A, 2, 2A har ƙarshe. Waɗannan rubuce-rubuce ba kyamararka ce ta yi su ba, tun a masana'anta aka haska su a jikin fim, kuma ba sa fitowa sai an wanke. Saboda haka su ne shaidun da ke raba gardama tsakanin mai kyamara da mai wanki. Idan lambobin sun fito raɗau amma wurin hotunan babu komai, to laifin daga wajen ɗauka ne, ko fim bai kama ba ko ƙofar kyamara ba ta buɗe ba, kada a tsaya ana cacar baki da mai shago. Idan lambobin sun fito dishi-dishi, hotunan ma haka, sinadari ne ya mutu ko bai kai zafi ba, ko kuma fim ɗin ne ya tsufa ƙwarai. Idan fim ya fito fes babu hoto babu lamba, an yi kuskuren jerin sinadarai, wannan kam aikin gidan wanki ne. Idan kuwa ya fito baƙi ƙirin har gefe, haske ne ya shige shi, wani ya buɗe bayan kyamara ko an buɗe gwangwanin a sarari. Nagetif mai kala da aka wanke da kyau launinsa ruwan goro ne mai haske, ana ganin bayansa tas, babu hazo kamar an shafa madara, babu tabon ruwa, babu shatin yatsa.

Layin da ya ratsa fim daga farko zuwa ƙarshe shi ne mai wuyar shari'a, domin yashi a cikin kyamara ma na jan irinsa. Idan ka ga layin a fim ɗin kyamarori biyu daban-daban da aka wanke a wuri guda, ka san inda matsalar take. Shi ya sa ba a fara kai fim mai muhimmanci wurin da ba a sani ba. A ɗauki wani na banza, hoton kaji da bishiya da yaran gida, a kai a gani. Miƙa fim ɗin ɗaurin aure ga baƙon shago cinikin biri a sama ne.

Sai batun buga kati, inda mu baƙaƙen fata muke da namu ƙorafi na musamman. Injin buga hoto idan aka bar shi ya yi wa kansa hukunci, yakan auna hasken hoton gaba ɗaya ne ya nemi tsaka-tsaki. To, ka kawo Basudane ko Bahaushe cikin farar jallabiya da farin rawani, a tsakar rana, a jikin farin bango. Inji zai ga fari ya yi yawa, sai ya ƙara duhu, riga ta fito da kyau har ana ganin ɗinki, fuska kuwa ta koma dunƙulen gawayi, sai haƙora da idanu. Bugu da ƙari, shekara da shekaru hoton da Kodak ke raba wa gidajen wanki domin daidaita launi, na wata Baturiya ce, ba a fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban ba sai a tsakiyar shekarun 1990. Don haka gwanintar tana hannun wanda ke zaune gaban inji. Mai aikin kirki yakan dubi kowane hoto ya sassauta duhun domin fuska ta fito, ko da rigar za ta ɗan wanke. Mu dai a ganinmu babu ma'aunin gidan hoto da ya wuce wannan: a nuna mana fuskar baƙin mutum cikin fararen kaya. Wanda ya iya wannan ya iya sauran. Kuma idan kati ya fito fuska a duhu, duba nagetif. Muddin ana ganin ido da hanci a jikinsa, haƙƙinka ne a sake buga maka.

Kasuwar fim ta rushe ne cikin 'yan shekaru. AgfaPhoto ta Jamus ta karye a 2005, Konica Minolta ta fita daga harkar hoto a 2006, Kodak kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Janairun 2012. Kyamarar dijital da wayar salula suka cinye kasuwar. Gidajen wanki da dama, a Khartum da sauran birane, suka kashe injin wanke fim suka bar na buga kati, suna karɓar hoto daga filasha da waya. Waɗanda suka bar injin fim ɗin a kunne kuma suka faɗa cikin matsalar da muka ambata, wato ƙarancin aiki da mataccen sinadari.

Sudan kuwa ƙasa ce mai tsohon tarihi a wannan sana'a. Tun farkon ƙarni na 20 wani mai kantin magani a Khartum, G. N. Morhig, yake buga hotunan gari a katin aika saƙo. A Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, Rashid Mahdi, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2008, ya shafe shekaru yana ɗaukar mutanen garin, kuma har yau ana kallon hotunansa na baƙi da fari a matsayin abin koyi. A 2005 an baje kolin aikinsa da na wasu takwarorinsa irin su Abbas Habiballa da Fouad Hamza Tibin a babban taron masu hoto na Afirka da ake yi a Bamako, bisa ƙoƙarin wani Bafaranshe mai suna Claude Iverné da ya bi shago-shago yana neman tsofaffin nagetif. Abin lura a nan shi ne, abin da ya sa aka iya buga waɗannan hotuna manya-manya bayan shekara 30 ko 40, an wanke nagetif ɗin da kyau tun farko, an kuma adana su.

Labarin Jadallah Jubara ya fi taɓa zuciya. An haife shi a 1920, ya yi aikin ɗaukar hoto da shirya fim tun kafin Sudan ta samu 'yanci a 1956, ya kafa Studio Gad a Khartum a 1974, shi ne kuma ya shirya fim ɗin Tajouj. A 2008 hukuma ta rushe ginin sutudiyon bayan doguwar shari'a a kan filin, a shekarar ce kuma ya rasu. 'Yarsa Sara ce ta tsaya a kan kayan da ya bari, har cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta fara mayar da finafinansa na kwamfuta daga 2013. Shekara 10 bayan haka yaƙi ya ci birnin da ya ɗauka.

Idan mai karatu bai manta ba, faɗan da aka fara tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidti a tsakiyar Khartum ya fi ƙamari, daidai inda manyan gidajen wankin suke. An wawushe Suk Arabi da kasuwar Omdurman, an kwashe kayan gidan tarihi na ƙasa, ɗakin karatun cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman ya ƙone a 2023, gadar Shambat ta karye a Nuwamban shekarar. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda ake ajiye tsofaffin faya-fayai, ya zauna a hannun RSF har zuwa Maris na 2024. Sojoji ba su karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama da Suk Libya ba sai a Maris na 2025. Miliyoyin mutane sun gudu da abin da hannu zai iya ɗauka, kuma mai gudun ceton rai ba ya tuna albom. Ɗalibanmu da aka kwaso ta kan iyakar Masar da ta Bur Sudan a 2023 shaida ne.

Abin da ya tsira babu tantama shi ne abin da ke da kwafi a wani wuri: tarin hotunan Sudan da Jami'ar Durham ta Ingila ke tarawa tun 1957, da abin da shirin Sudan Memory ya riga ya ɗauka a kwamfuta kafin yaƙi, da finafinan Jadallah. Waɗannan na manya ne. Na talakawa fa? Kwafin hoton auren wata baiwar Allah a Mayo a 1988, mai yiwuwa babu shi a duniya yanzu sai wanda aka aiko wa ƙanwar uwarta a Maraɗi ta hannun wani falke. Ga Hausawan Sudan kuma, waɗanda sau da yawa akan tambaye su asalinsu a ƙasar da aka haifi kakanninsu, tsohon hoto mai hatimin shago da kwanan wata a baya ya wuce abin kallo.

Saboda haka, Alhaji, idan kana da fim ɗin da ba a wanke ba, kada ka buɗe gwangwanin, kada ka ja bakinsa don ka leƙa. Cire shi daga akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin rufin kwano, ka ɗaure shi a leda ka sa a firji ko wuri mafi sanyi a gida. Karanta abin da ke jikinsa. Idan C-41 ne, mai kala ne. Idan E-6 ne, wankinsa daban. Idan kuwa baƙi da fari ne na asali, kada a kuskura a sa shi a injin kala, domin hotonsa da azurfa aka yi shi, injin kuma zai wanke azurfar tas ya miƙo maka farar leda. Har yanzu Kodak da Fujifilm da Ilford suna yin fim, matasa ma sun sake waiwayarsa, kuma akwai gidajen da ke wankewa a manyan birane irin su Alƙahira da Dubai da Istambul, inda da yawanku ke zuwa sarin kaya. A tambayi masu hoto na garin inda su ke kai nasu, a kuma gaya wa mai wankin shekarun fim ɗin. Kada a sa rai da yawa: fim mai kala da ya shekara 20 a zafi yakan fito da hazo da gurɓataccen launi, amma sau da yawa ana gane fuska, kuma kwamfuta na iya taimakawa. Baƙi da fari ya fi juriya. A filin jirgi kada a sa fim a jakar da ke shiga ƙarƙashin jirgi, domin na'urar binciken kayan can ta fi ƙarfi. A riƙe shi a hannu, a roƙi jami'ai su duba da hannu, musamman inda aka kafa sababbin na'urorin CT, waɗanda shi kansa Kodak ya yi gargaɗi a kansu.

Mai nagetif kuwa aikinsa ya fi sauƙi, tunda an riga an haye wuri mai haɗari. Ba ya buƙatar injin wanke fim, sikana kawai yake nema mai ɗaukar nagetif. A riƙe shi ta gefe, kada a goge shi da bakin riga, a raba kowane yanki da takarda mai tsabta a cikin ambulan. Wanda aka ji yana warin tsami irin na ruwan khal ya fara ruɓewa ke nan, a ware shi daga sauran, a gaggauta ɗaukarsa a kwamfuta. Idan an kai shago, a tsaya a karɓi nagetif ɗin a tafi da shi, a kuma nemi a zuba hotunan a filasha da cikakken girmansu. Su kuma katunan, don Allah a daina yi musu laminatin. Zafin injin da gam ɗin ledar suna cin hoto, kuma abin da aka manne ba ya ɓantaruwa. Albom mai gam ma haka. Damina da gara sun ishe su abokan gaba.

Ko wayar hannu tana iya aikin wucin gadi. A shimfiɗa katin a inuwa inda haske ke shigowa ta gefe, a kashe fitilar wayar, a ɗauki gaba, a juya a ɗauki baya saboda hatimi da rubutu. Wajen aikawa ga dangi ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin idan aka tura a matsayin hoto yakan rage masa ƙarfi. Kafin a tura kuma a zauna da Hajiya ko Baba tsoho su faɗi su wane ne a ciki, wace unguwa ce, wace shekara ce, auren wa aka je. A rubuta a bayan katin da fensir. Biro yakan huda ya kuma ɓullo ta gaba.